Oba-oba a Fijon Sakatare

Laraba, 12 ga Maris, 1975

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun ranar da motar asibiti ta lalace mini a hanyar Dukku, mai naƙuda ta cika a bayana ba halin kiran kowa, nake roƙon a sa wa motar rediyon oba-oba. Yau ya iso Gombe, sai Sakataren ofishinmu ya ce a ɗaura a motarsa Fijo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na marasa lafiya ne fa."

Ya ce, "Bitrus, tuƙi aka ɗauke ka."

Ni aka sa na riƙe wa makaniki eriya. Da aka zo gwaji, Sakatare ya kira ofis yana tambaya ko shayinsa ya dahu. Kowa ya yi dariya, ban da ni.