Ba a Kira Gwaggo Haju ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya iyali? Mu nan Dungas lafiya lau.

Ranar Asabar ƙungiyar unguwarmu ta karrama 'yan aikin sa kai. Har ni an ba ni turmin atamfa, don na yi shara a gidan likita lokacin hutun lakwal, wato makarantar boko. Amma Gwaggo Haju mai wankan gawar mata, wadda ta wanke Innarmu, ba a kira ta ba. Shugaba ya ce, "Wa zai ambaci gawa a wurin biki?" Amma duk da haka ta zo kallo, kuma ita ta fi kowa yi mini guɗa.

Yaya, na kasa bi ta ƙofar gidanta. Ina so in kai mata atamfar, ina tsoron ta ce na biya ta aikin lada. Ka ba ni shawara, ka sa ni a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Hadiza