Kwanon Maƙwabta

Tamanrasset, Oktoba 1998

Yaya Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya yara? An gama girbi kuwa?

Mu lafiya lau, kada ki sa komai a ranki. Sanyi ya fara saukowa daga duwatsu. Alhamis da Juma'a, ranakun hutunsu na nan, ni da maigidan ko ƙofa ba mu leƙa ba. Ya kwaɓa fulawa ya gasa mana togalla, gurasar Buzaye da ake binnewa cikin toka mai zafi. A wurin gini ya koya. Ta farko ta ƙone, muka yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuma na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da kika aiko. Ɗaki ya ɗumame, har maigidan ya nemi ƙari.

Gaskiya dai ana kamen marasa takardu a unguwar, shi ya sa muka kulle. Kada Inna ta ji. Ko akuya ce ta gogi ƙofa sai na zabura.

Da na kwashe tuwon, ban ankara ba na zuba kwanon maƙwabta kamar yadda muka saba a gida. Har na kai bakin ƙofa. Maigidan ya karɓe shi a hankali, ya ce, "Ba yau ba, Jannatu."

Ki aiko mini da busasshiyar kuɓewa idan kin sami mai tahowa. Allah ya bar mu tare.

Yaya, tun da na taho, wa ke kai wa tsohuwar bayan gidanmu nata kwanon?

Ƙanwarki,
Jannatu