Injin Da Ya Cinye Gonar Malam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina fatan kowa ya tashi lafiya. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don maganar tana da ɗan tsawo.

Bari in fara da lissafi, tunda shi na fi iyawa. Aikin da aka yi wa motata, in kuɗi hannu ne, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. In bashi ne na wata huɗu, miliyan uku cif. Ranar da aka faɗa mini farashin nan guda biyu akwai miliyan huɗu a asusuna, nawa na kaina, ba na kowa ba. Na zaɓi bashi. Yau motar tana ƙofar gidana lafiyarta ƙalau, amma gonar gadon abokina na shekara talatin da biyar tana hannun wani.

Ni ɗan kasuwar shinkafa ne a Talata Mafara. Ina shiga ƙauyuka in sayo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, in ajiye wata in kai wata inji. Ba gadon kasuwanci na yi ba, da kwanon awo na fara ina auna wa wasu, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Tun daga lokacin ban taɓa cin bashin ko kwabo ba, har 'yan kasuwa suna mini laƙabi da Hannu-da-hannu. Na faɗi wannan ne don ku san ba rashin sani ya kai ni ba.

Ina da akori-kura guda ɗaya, ita nake ɗauko kaya da ita daga Damri da Tsibiri, wani lokaci har Damaga. Ta tsufa, in na ɗora mata buhu ashirin ta shiga yashi sai ta fara nishi, lagireto ya tafasa, in tsaya ina ba ta ruwa kamar jaki. Kuma kun san hanyoyinmu, babu mai son la'asar sakaliya ta same shi a daji. Bakanikena ya ce hanya biyu ce. Ko a gyara tsohon injin da dubu ɗari uku ta ci gaba da lallaɓawa, ko a cire shi a sa babba mai turbo, a canza giya da lagireto, a ƙara sifirin, a sa manyan tayoyi da birki mai ƙarfi, ta koma tana sawu biyu a rana maimakon ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, gyaran dubu ɗari ukun zai ishe ni. Amma akwai wani abokin sana'a da ya taɓa wuce ni a hanyar Maradun ina tsaye da galan a hannu, ya danna mini hon yana dariya, kuma abin bai fita raina ba.

Lokacin kaka ce, shinkafa ta fara shigowa, buhu dubu arba'in da takwas. Na zauna na buga lissafina. In na biya kuɗi hannu na rasa buhu hamsin. In na riƙe kuɗina na sayi shinkafa na ajiye, zuwa bazara buhu ya kai dubu saba'in kamar yadda ya saba tashi, ribar buhu hamsin ɗin ta biya ƙarin dubu ɗari shida na bashin, har in samu canji. Ko yanzu ka ba ni takarda da biro ba zan ga kuskure a lissafin nan ba.

Mai sayar da injin da sauran kayan gyaran motar, zan kira shi Alhaji, dattijo ne da ba ya rubuta takarda kuma ba ya kai mutum kotu. Sharaɗinsa ɗaya, ka kawo wanda zai tsaya maka, mutumin da shi Alhaji yake jin nauyinsa. Nan na tuna da Malam. Malam abokina ne tun muna karatun allo a zauren mahaifinsa a Bakura, ni na gudu kasuwa shi ya zauna, yanzu shi ke karantarwa a zauren. Ba ya karɓar ko sisi a kan karatu, gidansa gaba ɗaya yana ci ne daga gonar fadama guda ɗaya da mahaifinsa ya bar masa, mai mangwaro uku da rijiya a gefe. Shekara ashirin duk ranar Talata in ya zo cin kasuwa sai ya shigo shagona, ya cire takalmi ya zauna kan buhu, mu sha fura a kwano ɗaya yana tsokanata.

Da na kai masa maganar tambaya biyu ya yi mini. Ta farko, an yanke farashin, ba za a ƙara komai ba in an yi jinkiri? Na ce an yanke. Ta biyu, ba ka da kuɗin ne? Na ce ina da su. Ya ce, "To mi ya hana ka biya ka huta?" Na zayyana masa lissafin nan duka, yana saurare yana murmushi, da na gama ya ce, "Kai tun muna yara lissafinka ya fi haddarka." Ya tambayi ranar da wa'adi zai cika, ya rubuta ta da ajami a bangon littafin da yake karantarwa da shi. Muka je wurin Alhaji tare, bayan doguwar gaisuwa abin da Malam ya faɗa kawai shi ne, "In bai biya ba, ni ne." Alhaji ya ce a ɗauki kaya.

Motar ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Buhu talatin take ɗauka ta ratsa yashi ko tari ba ta yi, kafin azahar na yi sawu biyu. Mutumin nan mai hon na wuce shi har sau uku, ban ma danna masa ba, kallonsa kawai na yi. Miliyan huɗuna na zuba su duka a shinkafa, buhu tamanin da uku, na kulle sito. Daga abin da motar take samowa na kai wa Alhaji dubu ɗari takwas, saura miliyan biyu da dubu ɗari biyu.

Sai shinkafa ta ƙi tashi. Ba ma ƙin tashi ba, sauka ta riƙa yi, har ranar da wa'adi ya cika buhu yana dubu talatin da biyar. In zan biya Alhaji a ranar sai na sayar da buhu sittin da uku, in yi asarar wajen dubu ɗari takwas. Zuciyata ta ƙi. Na je na ce masa ya yi haƙuri zuwa Talata mai zuwa. Duk ɗan kasuwa da ke cikin zauren nan ya san Talata mai zuwa a bakinmu tana iya zama Talata uku ko huɗu, kowa yana yi wa kowa, ba a ɗauke shi ƙarya ba. Abin da na manta shi ne ba bakin ɗan kasuwa aka jingina ba, bakin Malam ne, kuma shi a wurinsa rana ita ce ranar da ya rubuta.

Sau biyu Malam ya kira ni a waya yana tambaya ko an sauke nauyin nan. Duka biyun na ce masa mun daidaita da Alhaji, kada ya damu. Ba mu daidaita komai ba, Talata kawai nake turawa gaba. Bayan Talata ta uku Alhaji ya shiga mota ya tafi Bakura ya yi sallar Juma'a a can. Da aka idar ya sami Malam cikin mutane, ɗalibansa manya suna kewaye da shi, ya gaishe shi da ladabi, ya ce wa'adi ya wuce da kwana ashirin da biyar shi ya sa ya ce bari ya zo ya gaishe shi. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ya nema a inda aka ce ya nema.

Malam bai sake kirana ba. Cikin kwana shida ya sayar da gonar, miliyan biyu da rabi, gonar da ko makaho ya san ta kusa ninka haka, ya kai wa Alhaji cikon kuɗinsa. Ni ban sani ba. Sai da na haɗa dubu ɗari biyar na kai wa Alhaji ina shirin ba shi haƙuri, ya dube ni ya ce ai an biya, ya faɗa mini wanda ya biya da abin da aka sayar. Na fito na shiga motar.

Ranar na tafi Bakura. Na same shi yana ba da karatu, na jira har aka tashi. Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi mota. Ni ne na ɗaga murya, abin kunya, na ce don me bai faɗa mini ba, ai da na buɗe sito a ranar na sayar ko nawa ne. Ya ce ya tambaye ni sau biyu. Sai ya nuna tabarmin da ɗalibai suka tashi a kai ya ce, "Ba bashinka na biya ba, aboki, bakina na fanso. Mutanen ga abin da na faɗa musu shi suke ɗauka su tafi da shi gidajensu. In maganata ba ta iya kai wata huɗu ba, ina za ta kai su?"

Washegari na buɗe sito na sayar da buhu tamanin da ukun duka, a dubu talatin da uku, don ta ƙara sauka. Na ɗauki kuɗinsa na kai masa, ya ƙi taɓawa. Ya ce in mai da su jari, ina da iyali, in Allah ya buɗa daga baya ma yi magana. Na bar su a kan tabarma na fito, kafin in iso Mafara ya sa an tura mini su ta asusu. Matarsa ta faɗa wa maiɗakina cewa yanzu da kwano suke sayen shinkafa, abin da ba a taɓa yi a gidan ba tun zamanin mahaifinsa. Kuma har yanzu yana zuwa kasuwa ranar Talata, yana tsayawa a ƙofar shagona mu gaisa sosai, ya yi mini addu'a, amma bai sake cire takalminsa ba. Na sa a kawo fura sau biyu, ya ce Alhamdu lillahi yana sauri. Wannan ya fi mini asarar shinkafar ciwo, ba kusa ba.

Na je wurin wanda ya sayi gonar. Ya ce ya ji labari kuma ya tausaya, zai sayar mini amma miliyan biyar, kuma sai kafin ruwan shuka ya sauka, in ya zuba iri magana ta ƙare. Abin da ke hannuna duka miliyan uku da dubu ɗari biyu ne. Na sa motar a kasuwa a ɓoye don in ji, mafi tsada da aka taya miliyan huɗu, alhali kafin a taɓa ta an taya ta uku da rabi. Wato aikin miliyan uku, dubu ɗari biyar ya ƙara mata. Mai saye ba ruwansa da turbo, shekarun mota yake dubawa.

In na sayar da ita na fanshi gonar, abin da zai rage mini miliyan biyu da ɗan ɗori, ba mota, ga mutum tara suna ci a gidana, in koma hayar motar wasu. Maiɗakina ta ce kada in yi, in riƙe motar in yi aiki shekara biyu in saya wa Malam wata gonar. Na ce mata wata gonar ba ta da mangwaron da mahaifinsa ya dasa, muna yara mu muka yi ta ɗebo musu ruwa. Na yi tunanin in ranci cikon in bar motar, sai na tambayi kaina wa zai tsaya mini yanzu, bayan duk kasuwa ta ji abin da ya sami wanda ya tsaya mini na farko. Kuma labarin tayin motar ya kai kunnen Malam, ya aiko mini cewa in na sayar da abin neman abincina saboda shi, ƙafarsa ba za ta taka gonar ba. Wani zai ce faɗa kawai yake yi. Ni na san mutumin da ya sayar da gona saboda maganarsa zai iya ƙin taka ta saboda maganarsa.

To jama'a, ya zan yi? In sayar da motar in fanshi gonar in sa ta da sunan 'ya'yansa, ko da zai ƙara yin nisa da ni? Ko in bi maganarsa in riƙe motar, ina ji ina gani wani ya shuka gonar mahaifinsa? Malamai da ke cikin zauren nan, kuɗin da ya biya ne kawai a kaina, ko gonar ce a kaina? Don ni zuciyata gonar take ce mini.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, bai zubo ba. Na gudu daga asarar dubu ɗari takwas, na yi ta miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da wani abu a shinkafa, na ƙara da dubu ɗari shida na bashi, abokina ya rasa gonarsa, ni na rasa mai zama a kan buhuna ranar Talata. Abin da na samu shi ne mota mai sawu biyu a rana. Ku faɗa mini abin da za ku yi in ku ne, kafin ruwan nan ya sauka.