An Saci Littafina, An Cusa Masa Batsa Da Sunana

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Tura Waƙoƙi da Littattafai a Waya, ta 'yan Arewa mazauna Onitsha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, tare da tambayar iyali da kasuwa. Allah ya ƙara lafiya.

Sunana Rakiya Hamisu. Mijina mahauci ne a kwata, ni kuma har kwanan baya malama ce a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Na zo ofishinka da ƙafata, aka ce ka tafi Enugu. Na sake dawowa, aka ce ka fita salla, na zauna a benci har aka rufe ƙofa. Shi ya sa na rubuto a inda kowa zai gani, tunda abin da aka yi mini ma a bainar jama'a aka yi shi.

Na farko, maganar sata. Na rubuta littafi a wayata, tsakanin girki da wanki da tafiya makaranta. Labarin wata mai tuwo ce a Head Bridge, nan bakin gadar Onitsha, wadda mijinta ya hau motar shanu zuwa Arewa bai dawo ba, ta riƙe 'ya'yanta ita kaɗai a garin da ba ta da kowa. Ba zan faɗi sunan littafin ba, don kar in ƙara wa ɓarayinsa kasuwa. Ina sayar wa mata shi a zaurenmu na waya, amma kafin in tura kashi na ƙarshe ya riga ya cika shagunan 'yan ƙungiyarka, daga bakin gada har kasuwar Ochanja. Da a nan abin ya tsaya, wallahi da na haɗiye, kamar yadda marubuta 'yan'uwana suke haɗiyewa.

Na biyu shi ne ya hana ni barci. Wani ɗan ƙungiyarka, mai shago kusa da tashar 'yan acaɓa, ya ga labarin mai tuwo ba ya jan samari. Sai ya cusa masa wuraren batsa waɗanda bakina ba zai iya maimaitawa ba, ya sa na'ura ta karanta da muryar mace. A farkon karatun muryar tana faɗin cikakken sunana da unguwarmu. Ban san da shi ba sai ranar da mijina ya dawo daga kwata tun kafin azahar, ya shigo ba sallama, ya ajiye waya a gabana ya kunna. Abokan sana'arsa ya tarar suna saurare suna dariya, da suka gan shi suka yi tsit. 

Na uku, amsar da aka ba mu. Mun je shagon ni da mijina. Mai shagon bai ko musa ba. Cewa ya yi, "Hajiya, abin da ya hau intanet ai na kowa ne. Ko manhajar da ke kwamfutar nan kyauta masu ita suka sake ta, kowa ya gyara yadda yake so." Ranka ya daɗe, na san irin manhajojin da yake nufi, da ɗaya daga cikinsu nake rubutu. Masu su ne suka zauna suka yanke shawarar bayarwa, suka kuma gindaya sharuɗɗa. Ko a can, ba a yarda ka ɓata abu ka liƙa wa mai shi ɓarnar ba. Ni wa ya tambaye ni? Yaushe na bayar? Da na gaya masa haka, sai ya mayar da abin sauraro kunnensa ya juya mana baya.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Kwamitin makaranta ya kira ni, aka ce in ɗan huta tukuna. Sun ce sun yarda da ni, amma mazajen ɗalibaina ba su yarda ba. Matan da na koya wa karatu tun daga baƙi, yanzu in sun hango ni a Kasuwar Relief sai su shige wani layi. Wata ƙawata ta kira daga Fatakwal ta ce can ma ya isa.

Sannan ya isa Funtuwa, wurin mahaifina. Tsoho ne, idonsa ya tafi, ba ya karatu sai dai saurare. Wani ya kunna masa, wai don ya ji aikin 'yarsa. Ya kira ni ya ce, "Rakiya, ke kika rubuta wannan?" Na rantse masa ba ni ba ce, na yi ta bayani ina kuka. Sai ya ce, "To, ai na ji sunanki." Tun ranar bai sake karɓar wayata ba. Yanzu yana kwance, ƙannena sun ce ko abinci sai an lallaɓa shi.

Ga abin da nake roƙo. A goge wannan karatu daga kowace kwamfuta ta 'yan ƙungiyarka. Ka kafa musu doka, kada wanda ya sake tura rubutun wani ba da izininsa ba, balle ya ƙara masa abin da bai rubuta ba. Na san abin da ya bazu ba zai dawo duka ba, ban kuma nemi a biya ni ko a rufe shagon kowa ba. Babban roƙona shi ne ka sa mai shagon nan a gabanka, ka kira ƙanena ya kara wa mahaifina waya a kunne, mai shagon ya faɗa masa da bakinsa cewa shi ya yi. Ka hanzarta, ranka ya daɗe. Ban san kwana nawa suka rage wa tsohon nan ba, kuma ba na so ya tafi da abin da ya ji.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare mutuncin 'ya'yanka mata, kada ya nuna maka ranar da za a kunna maka irin wannan da sunan ɗayarsu.

Wassalam.

Rakiya Hamisu,
Onitsha.