Layi Ɗaya a Littafin Gidanmu

Abbasiya, Alƙahira
12 ga Satumba, 2013

Zuwa ga Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Azumi da yara. Allah Ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta. Mu nan lafiya lau, sai dai garin ba daɗi. Ga dokar hana fita, baƙi sun ɗauke ƙafa daga kasuwa, ni kuwa ka san ni, zama ba aiki ciwo ne a wurina. Matata Awadiyya ta ce na kusa cinye dardumar ɗakinta da kai-komo.

Shekara goma sha tara ke nan ina Masar, ba wanda ya kama hannuna. Ni na koya wa kaina Larabcin kasuwa. Da goge cokula na fara a wani shago a unguwar Ataba, na koyi narka azurfa da liƙi, yau ga ni da teburina da kayan aikina. Tsofaffin kayan azurfar Ingila da manyan gidajen garin nan suka gada, wurina ake kawo su. Nakan kifa buta in karanta hatiminta: zaki na nufin azurfa ce ta gaske, ƙugiyar jirgin ruwa aikin Birmingham, kambi na Sheffield, sai haruffan sunan maƙerin. Mutum ya mutu tun ba a haifi kakanmu ba, amma ga sunansa a tafin hannuna.

Watan jiya wata dattijuwa, Madam Mahasin, ta kawo butar shayin mahaifiyarta, bakin ya karye. Kwana goma sha ɗaya ina ƙera sabo. Da ta zo ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce wallahi ba ta ga inda aka taɓa ba, sai ta shiga yabon Baturen da ya ƙera ta. Haka sana'ar take, Yaya. In gyara ya yi kyau, mai gyaran ya ɓace. Kuma in na buga hatimina kusa da nasa, sai a ce na lalata kayan tarihi. Na ce wa kaina ma'alish, wato ba komai, kamar yadda mutanen nan ke cewa.

A makon ne 'yarka Nana Khadija ta turo min hoton shafin littafin tarihin gidanmu, wanda za ka kai maɗaba'a bayan Babbar Sallah. Ƙanenmu Iliya ya samu rabin shafi da digirinsa. Ni layi ɗaya: ya tafi Masar karatu, bai kammala ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Abin da jikokina za su karanta ke nan?

Na ba Muslim, wani ɗalibi da zai dawo gida, cokali ɗaya ya kawo maka. Wannan ba gyara ba ne, ni na ƙera shi tun daga narki. Juya bayansa, za ka ga H.M.

Ka gaishe min da Inna, da Yaya Azumi, da Gwaggo Sabuwa, har da Iliyan. Layin nan kuwa kada ka goge shi. Amma kafin littafin ya shiga inji, ka rubuta a ƙarƙashinsa: Harun Muhammadu, maƙerin azurfa, Alƙahira.

Ƙanenka,
Harun