Ta'aziyyar Tsohon Direba

Ya sanyin idona, inuwar zuciyata, ruwan randa a tsakiyar zafin rana!

Yau na ajiye ƙarfe da wuta, na ɗauki biro. Tsoro nake ji, masoyiyata, tsoron ranar Asabar.

Kin tuna ranar da zaurenmu na waya, na masu kallon shirin nan mai dogon zango, ya kaure da jimami wai tsohon direba ya rasu? Na rubuta addu'a mai tsawo, na tambayi lokacin jana'iza, har na ce a kwatanta mini gidan. Zaure ya fashe da dariya! Ke kuma kika turo mini saƙo ni kaɗai, kika ce ba ki taɓa ganin mai barkwanci irina ba. Daga wannan saƙo na daina zama nawa.

To ki riƙe zuciyarki: wallahi ba barkwanci na yi ba. Na zaci wani ɗan zauren ne ya mutu, har hula na ɗauko, ashe direban cikin shirin ne. Ban taɓa kallon shirin ba. Abokina ne ya jefa ni zauren, ni kuwa mai walda ne, in na tashi daga aiki idanuna yaji suke yi, ko hasken talabijin ba sa so.

Kacici-kacicin da nake lashewa duk mako, har kuka laƙaba mini Farfesa fa? Goggona ce, wadda kashi ɗaya na shirin bai taɓa wuce ta ba. Ina karanto mata tambaya tana tsinke zaren ɗinki da haƙori, ta jefo mini amsa, ta ɗora da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wa ya ɓoye wasiyya, wace ce ta sauya jarirai, duk daga bakinta suke fitowa.

Yanzu an sa gasa ranar Asabar, ido da ido a shagon tela, babu waya, kin kuma shelanta wa duniya cewa ni ne abokin gasarki. Ina zan sa kaina? Ba dariyarsu nake tsoro ba. Fuskarki nake hangowa, lokacin da za ki waiwayo kina jiran amsa, ni kuwa baki buɗe. Shin Farfesa kike so, ko ni? Wannan tambayar ko Goggo ba ta san amsarta ba!

Ki zage ni, ki tona ni a zaure, ki zaɓi wani abokin gasa, duk na yarda. Amma kada ki yi mini shiru, don Allah, shirunki ba zan iya da shi ba.

Shirin kashi ɗari biyu da sha ɗaya ne. Na fara daga farko shekaranjiya, idanuna na zubar da ruwa, kuma ba zan tsaya ba ko kin yafe ko ba ki yafe ba.

Naki har numfashi ya ƙare,
mai walda, wanda yake kashi na huɗu.