Gayyar Sauke Tarakta

Litinin, 18 ga Afrilu, 1994. Ƙaraye.

Gobe ba ɗibar yashi. Alhaji Abdulsalami, mai tifar da nake ja, ya ce zan ɗauki wata 'yar tarakta mai hannun haƙa a bayanta in kai ta ƙasar Rogo. Makiyaya ne suka haɗa kai suka nemo ta, ta yashe musu tafkin shanu kafin damina ta kankama. Na ce wane gari? Ya ce Tsamiyar Ardo, ko na san hanya. Na ce na taɓa ji.

Wai na taɓa ji. A can aka yanke min cibi.

A bakin wannan tafkin na bar shanun Baffa, mahaifinmu, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na ɗare motar gyaɗa don direban ya ce in zo in ɗana, iyaka Rogo mu dawo. Kafin in dawo uku sun kafe a taɓo, biyu sun mutu, har da farar da Baffa yake ji da ita. Baffa bai ce min uffan ba, shi ya sa na gudu. Da ya rasu na je gaisuwa, yayana Hammawa ya tare ni a ƙofar zaure ya ce kada ƙafata ta ƙara taka gidan. Shekara tara ke nan. Ina so in shiga gidan nan, ko sau ɗaya ne. A littafin nan dai zan iya faɗa.

Talata, 19 ga Afrilu

Mun yi lodi a tsohon ramin marmara da ke bayan gari. Na yi ribas na jingina bodi da gaɓar ramin, Malam Shitu mai sarrafa taraktar ya gangaro da ita ciki a hankali, ya naɗe hannun, ya kwantar da bokitin a ƙasan bodi. Sarƙa huɗu muka ɗaure, muka danna wa tayoyin itace. Ya ja min kunne kan kwana da gargada, ya ce nauyinta a sama yake, in na yi gaggawa sai mu kwanta gaba ɗaya. Yana shiga mota ya yi barci.

Giya biyu na yi ta bi. Zafi, ga kawalwalniya a gaba kamar an yi ambaliya a kan hanya. Duk sanda na dubi madubi sai in ga gwiwar hannun nan tana ɗan rausaya a bayana, kamar raƙumi yana gyangyaɗi.

Na daɗe ina shirya komawar nan a raina. Wani lokaci cikin farar mota, da babbar riga. Wani lokaci ina koro shanu biyu farare tas, in ɗaure su a turken gidan in juya ban ce komai ba. Yau daga Rogo zuwa mararrabar Falgore wani sabo na yi ta saƙawa: tafkin ya cika, shanu sun shiga har wuya, Baffa yana zaune a gindin tsamiya yana tambayar wa ya kawo ruwan. Saura kaɗan in wuce kwanar garin.

Mun iso da la'asar. Na tsaya a filin tsamiya, daga nan ana hango dangar gidanmu.

Laraba, 20 ga Afrilu

Ashe ba wanda ya yi tunanin saukewa. Ni ma da na san garin ban yi ba. Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tabarma, babu gaɓa, babu tudun da zan jingina bodi. Mun zaga da ƙafa ni da Malam Shitu har azahar. Gefen tafkin laka ce, in na kai mota can ta zauna.

Wani ya ce to a ɗaga bodin mana a zazzago ta kamar yashi. Malam Shitu ya dube shi ya ce in an gaji da ita ne a faɗa masa, sai ya koma Ƙaraye a ƙafa.

Ga ta can a sama, mai haƙa ta rasa ta inda za ta taka ƙasa. Mutane suna zagaya motar suna kallo. Da yawa sun gane ni. Masu gaisawa sun gaisa, har da tambayar iyali, na ce tukuna. Hammawa ya wuce da shanu da yamma. Bai juyo ba. Ya rame, kuma tafiyarsa ta canza.

Alhamis, 21 ga Afrilu

Goggo ta zo. Ƙanwar Baffa, ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu. Ido ya tafi kusan duka, da sanda ta lallaɓo har jikin taya, ƙwaryar fura a hannu. Na durƙusa. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce na yi gemu ba da izininta ba, kuma ina warin baƙin mai. Ta ce tun shekaranjiya ta ji ƙarar mota ta ce wa matan gida Ɗantala ne, suka yi mata dariya.

Na tambaye ta ko Hammawa ya yi maganata. Ta ce bai yi ba. Ta ce amma kwana biyu ke nan yana mayar da tuwo da saura.

Na yi kuka bayan ta tafi, a ƙarƙashin mota, inda ba mai gani.

Ardo ya tara mutane. An tsayar da magana: ranar Asabar za a yi gayya, a haƙa rami mai gangara in shiga da baya, har bakin bodi ya yi daidai da ƙasa.

Juma'a, 22 ga Afrilu

A masallaci sahu biyu ne tsakanina da Hammawa. Ƙeyarsa kawai na gani.

Asabar, 23 ga Afrilu

Tun da hantsi aka fara. Diga, shebur, galma, kwanon sarki, har da mai ganga. Mutum kusan talatin suna haƙa wa injin haƙa rami, ita kuma tana bisa tifa hannu a naɗe kamar uwar gida. Malam Shitu yana auna zurfi da kara yana cewa a ƙara. Na karɓi diga na shiga. Can na ɗago in share gumi sai na ga Hammawa a ɗaya gefen, ya tuɓe riga yana sara. Ban san sanda ya zo ba. Ba mu haɗa ido ba, amma kwano ɗaya muka yi ta cikawa.

Da aka gama Malam Shitu ya hau taraktarsa, ya ce wani ya tsaya a baya ya duba min taya, don in ɗaya ta hau gefe motar za ta karkata. Kowa ya ja baya, ba mai son ɗaukar alhaki. Na sa ribas, na dubi madubi, sai ga Hammawa a tsaye a bakin ramin ya ɗaga hannu.

Fuskar Baffa ce sak. Har yadda yake ƙanƙance ido ɗaya in rana ta dame shi. Na sassauta birki. Ya yi min hagu na bi, ya yi min a hankali na bi, ya dunƙule hannu na tsaya. Daidai wa daida.

Aka kwance sarƙa, tarakta ta fito tana tafiya a ƙasa kamar ba ita ba. Gari duka ya bi ta tafki. Ni ma na bi, na ce in ga bokitin farko kawai in dawo in fitar da mota. Baƙar laka ta fito tana ƙyalli, da warin da na sani tun ina yaro. Na zauna a kan wani kututture ina kallo, na tafi can wata duniya. Ban ankara da hadari ba sai da iska ta juya. Ruwan farko, kamar da bakin ƙwarya.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Ramin ya zama kududdufi. An kwashe ruwan da bokiti, amma mota ta ƙi fita. Ba kaya a bayanta, tayoyin ba su da abin da zai danne su, sai juyi suke suna feshin taɓo. Na sa duwatsu, na sa kara, a banza. Malam Shitu ya ce shi ma in ya matso yanzu zai kafe, a bari ƙasa ta sha.

Ina tsugune ina duban taya, laka har gira, na ji tsayuwar mutum a bayana. Hammawa ne. Ya ce, “Kai dai har gobe ba a ba ka ajiya.”

Na ce, “Haka ne, Hamma.”

Na jira sauran. Na shirya masa tun shekara tara, duk abin da zai faɗa na riga na faɗa wa kaina. Sai na ji ya ja numfashi kamar mai danne dariya. Ya ɗan taɓa tayar da sandarsa. Ya ce Goggo ba ta da ƙafar da za ta riƙa zuwa filin nan kullum da ƙwarya, jiya har ta zame a santsi. Ya juya ya tafi.

Ban san me zan yi da wannan maganar ba. Na juya ta ya fi sau ɗari.

Litinin, 25 ga Afrilu

Rana ta buɗe sosai. Na wanke riga. Na je har bakin danga na dawo.

Talata, 26 ga Afrilu

Don Goggo ne kawai, kada ta sake faɗuwa. A zaure na ci tuwon rana, ban wuce ciki ba. Tabarmar ina jin da ma can a shimfiɗe take. Hammawa yana daga bakin ƙofa yana gyaran igiya, muka yi maganar tafki, wai ya kai rabi, da maganar wata karsana da ta ƙi cin dusa. Shi ke nan, ba wani abu ba.

Da la'asar Malam Shitu ya zo da tarakta, ya ce ƙasa ta bushe ƙayau, in kawo sarƙa ya fizgo ni yanzu in kama hanya da sauran rana, Alhaji yana can yana jiran motarsa. Na ce a bari sai gobe, gefen hagu da sauran danshi.

Ya sauko ya leƙa ramin. Ya tura ƙafa, ƙura ta tashi. Ya dube ni, ya dubi dangar gidan.

Ya ce haka ne, da saura.